Takaba a Dogondutsi, Daminar 2024

Juma'a, 16 ga Agusta

Ruwa tun kafin asuba. Kiran salla da muryar wani. Ɗan liman ne, yaron kirki, numfashinsa ma ya fi na Malam tsawo. Sai dai ba ya gyaran murya kafin ya fara. Idona biyu ina jiran gyaran muryar nan har aka kai ƙarshen kira.

Rufi na ɗiga ta kusurwar gabas. Kwano a ƙasa, tabarmar salla na ja ta gefe.

Littafin nan na ajin yaƙi da jahilci ne, rabinsa babu rubutu. Matan ajin duk suna gona, ni ba fita. Abin da ya zo zan sa.

Lahadi, 18 ga Agusta

Girkin Amarya. Ba wanda ya ce a ci gaba da kwana bibbiyu, ba wanda ya ce a bari. Muna ta yi. Da ta zo kwasar tuwo sai ta jawo akushin Malam, ta tsaya da mara a hannu. Na ce, "Zuba, Amarya, a kai ƙofar masallaci." Almajirai suka ci. Haka za a riƙa yi.

Talata, 20 ga Agusta

Ƙanen Malam ya dawo daga gonar hanyar Matankari. Ya tsaya bakin zaure, kansa ƙasa, ni daga ciki. Hatsi ya yi ciki, wani wurin ya fara fitar da kai. A kwari ruwa ya kwanta, ganye ya yi ɗorawa. Na tambayi na ƙarƙashin gawo. Ya ce ya fi mutum tsayi.

Malam da hannunsa ya shuka shi bayan ruwan Yuni. Ya yi noman fari. Maimai wasu suka yi. Kafin in fita an girbe, kara kawai zan tarar.

Babban yaro, shiru. An ba wani direba saƙon rasuwar ya kai Agadas, daga can a nemi mai zuwa Jado inda yake. Ko ya isa, ko bai isa ba.

Alhamis, 22 ga Agusta

Marka. Ba a ga rana ba tun shekaranjiya. Itace jiƙe, hayaƙi, idanun kowa ja. Zane biyu nake juyawa, ɗaya a jiki ɗaya a igiya, na igiyar ya ƙi bushewa.

Rashin kwalli da turare da lalle bai dame ni ba ko kaɗan. La'asar ce mai wuya. Lokacin da Malam yakan shigo ya jingine hauya, ya ce a dama masa fura kada a cika ruwa. Hauyar tana inda ya bar ta. Yara sukan kewaye ta.

Asabar, 24 ga Agusta

Yayar Malam ta iso daga Geceme, zaninta duk laka. Ta kawo ƙananan wuƙaƙe biyu, ni ɗaya Amarya ɗaya. "Ku riƙe, ko bayan gida za ku." Kada mu ɗaga murya, kada mu yi wanka sai Juma'a. Haka uwarsu ta yi, haka kakarsu.

Na aiki auta wurin liman. Amsar da ya kawo: wata huɗu da kwana goma, a gidan miji, ba ado, ba maganar aure. Wanka duk lokacin da aka so. Fita da rana in lalura ta kama, a dawo a kwana gida. Wuƙa ba ta ciki.

Na gaya wa Yaya a hankali. Ta daɗe tana kallon ƙasa. Sai na karɓi wuƙar na sa ƙarƙashin matashin kai. Ita ta goya shi a bayanta, ita ta raka shi makarantar allo. Ba zan mayar mata da abu a hannu ba a irin wannan lokaci. Amarya kuwa tata na ƙugunta duk inda ta shiga.

Litinin, 26 ga Agusta

Muryoyi a zaure tun bayan magariba. Ɗan ƙanen Malam, mai salla a masallacin Izala, ya ce sadakar arba'in ba ta da asali, a raba hatsin ga mabukata ba tare da taro ba. Ubansa ya ce a gidan nan an yi wa kowa, ba a kan yayansa za a fara bari ba. Ina jin su ta katanga.

Yaron ba don raini yake faɗa ba, na sani. Shi ya wanke Malam, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Ni dai ina son a taru a kira sunansa a roƙa masa gafara, in ji da kunnena. Ban ce komai ba. Ba a tambaye ni ba.

Laraba, 28 ga Agusta

Daka tun safe. Matan unguwa da turamensu. Gidan ya yi ƙara irin ta da.

Alhamis, 29 ga Agusta

An yi. Saukar Alƙur'ani da hantsi, masa, gumba, fura. Mutanen Matankari sun zo, na Kore Mairuwa sun zo. Na wajen Tibiri kaɗan. Tun harin da aka kai a watan Yuni kusa da bututun mai mutane ba sa son yamma ta yi musu a hanya. "Ya haƙuri?" har bakina ya bushe da amsawa.

Ɗan ƙanen Malam bai zauna cikin taro ba. Amma shi ya ɗauko tabarmi, shi ya jawo ruwan alwala, shi ya mayar da komai da aka watse. Allah ya yi masa albarka.

Da yamma wani dattijo, ban taɓa ganinsa ba, ya nemi magana da mai ɗakin Malam. Daga bayan labule. Ya ce shekara uku da suka wuce matarsa na kwance a likita, ba shi da ko dala, Malam ya ba shi jikka goma sha biyar ya ce ya kawo in ya samu. Babu shaida, babu takarda. Ya ajiye kuɗin a bakin ƙofa, ya yi addu'a, ya tafi. Ban san wannan ba. Shekara ashirin da shida a ɗakinsa ban san wannan ba. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.

Asabar, 31 ga Agusta

Rediyon Malam. Na iya kama tasha yanzu. Ruwan jiya a Maradi ya ci rayuka, gidaje sun zube. Can ma wasu mata sun shiga abin da muke ciki.

Litinin, 2 ga Satumba

Tsakar dare ƙara kamar an harba bindiga. Katangar yamma ta kwanta, ta ja kusurwar ɗakin Amarya. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Ta fito da ƙaramin a kafaɗa, biyu na biye, ruwa har idon sawu. Na buɗe ƙofata. "Yaya, yau kawai." Na ce ta shigo.

Da safe maƙwabta suka kafa zana a gurbin katangar. Daga tsakar gida yanzu ana hango dutsen, abin da ba a yi a da. Yara sun ce Tapkin Sau ya cika ya batse.

Laraba, 4 ga Satumba

An ce tsohon masallacin Damagaram, na ƙasa, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin, ya faɗi jiya. Malam ya taɓa salla a cikinsa, yakan ba da labarin sanyin cikinsa da tsakar rana. Na juya in gaya masa.

Mu shida a ɗaki. Amarya tana magana cikin barci. Ban taɓa sani ba. Ta ina zan sani.

Juma'a, 6 ga Satumba

Ranar kasuwa. Ɗiyata ta iso daga Kore Mairuwa goyon ciki, mijinta ya rako ta har ƙofa. Ƙafafu a kumbure, fuska ta cika. Da ta ga hauyar sai ta zauna ƙasa. Na bar ta ta yi ya ishe ta.

Hatsi a kasuwa ba ya taɓuwa, tiya ta yi tsadar da ban taɓa ji ba. Mu daga rumbun tsimi muke ci. Tun yunwar 2005, bayan fara ta cinye daminar 2004, Malam ya yi alkawari ba zai ƙara bari rumbu biyu su ƙare tare ba. Waccan shekarar mun ci anza, an jiƙa an zubar, an jiƙa an zubar, ɗacin bai fita duka ba. Babban yaro yana shekara shida, ya riƙa ɓoye nasa a kunci ya fita ya tofar. Kowace kaka tun daga nan sai Malam ya rufe rumbu ɗaya da laka ya ce ba na bana ba ne. Mun sha yi masa ƙorafi. Shi muke ci yau.

Lahadi, 8 ga Satumba

Ba komai. Ruwa. Ƙuda. Kaina na ciwo. Ban iya karatu ba, tasbaha kawai.

Talata, 10 ga Satumba

Tumu!

Auta ya shigo da gudu, zangarniya biyar a cikin riga. Daga ƙarƙashin gawo. Ido ya cika, an matsa sai fari ya fito. Amarya ta gasa a bakin murhu, ƙamshin ya cika gida. Aka murje a faifai, aka hure. Yara na ta wawa.

Na ɗiba na riƙe a tafin hannu, da ɗuminsa. Malam kan ce ba a cin tumun fari sai an yi bisimilla an tuna waɗanda suka ci na bara ba su kai na bana ba. Bara shi ya faɗa. Bana na faɗa, muryata ta ƙi ƙarasawa, ɗiyata ta ƙarasa. Muka ci. Da daɗi ƙwarai. Ban san ana iya jin daɗin abu da zafinsa a cikin tauna ɗaya ba.

Alhamis, 12 ga Satumba

Ƙaramin Amarya jiki zafi rau, amai. Masu raba maganin rigakafin zazzaɓi na yara sun bi gida-gida watan jiya, ya sha. Duk da haka. Ga sauro ko'ina tun da ruwa ya kwanta bayan gida. Ƙanen Malam na gona. Amarya ta rikice, hannunta na rawa, ba ta iya ɗaura goyo ba. Na ce ta zauna. Na sa hijabi na goya shi.

Hanya ta yi mini faɗi. Mutane na gaishe ni da ido. An duba jininsa, zazzaɓin cizon sauro ne, an ba da magani. Na dawo kafin azahar. Ban kalli wajen maƙabarta ba, ko da yake hanyar ta nan ta bi.

Asabar, 14 ga Satumba

Ya sha kunu ya riƙe. Ya nemi a ba shi ƙosai.

Lahadi, 15 ga Satumba

Daren Mauludi. Motocin masu zuwa Kiyota sun wuce tun jiya. Malam bai cika fashin zuwa ba. Yakan dawo muryarsa a dishe, da dabino a aljihu, kowane yaro ɗaya. Bana abokan tafiyarsa sun biyo sun yi sallama kafin su hau mota. Sun ce za su sa shi a addu'a.

Daga zawiyya ana ta yabo har tsakar dare. Ɗaya masallacin shiru, kamar kowace shekara. Ina kwance ina ji. Na roƙi abu uku: ɗiyata ta sauka lafiya, babban yaro ya ji, kabarin Malam ya yi masa faɗi.

Talata, 17 ga Satumba

Innar Amarya ta zo daga Lugu, tsohuwa ƙwarai, tsagar Arewa a kumatunta har kunne. Ta kawo saiwoyi a ƙulle don mai ciki. Ɗiyata ta kalle ni. Na ce a karɓa a gode, a nuna wa ungozomar likita tukuna.

Da dare ta tara yara tana ba su labarin Sarauniya Mangu, yadda Nasara suka zo da bindigogi suna ƙone garuruwa, Lugu ta ƙi miƙa wuya. A littafi 1899 ne, ita ba ta san shekara ba, ta san inda aka tsaya da inda aka ɓuya a daji. Ba ta salla kamar yadda muke yi, kowa ya sani. Amma da za ta kwanta ta dafa kaina ta ce, "Ɗiyata, Allah na nan." Na amsa da amin, har zuciya.

Juma'a, 20 ga Satumba

Naƙuda tun bayan isha'i jiya. Amalanken maƙwabci, fitilar waya, laka. Yayar Malam da matar liman suka bi ta. Ni dare ne, ba fita. Ban taɓa jin nauyin takaba kamar daren jiya ba. Ɗiyata ta fari a hannun wasu, ni ina zagaye tsakar gida. Amarya ba ta kwanta ba. Ba mu yi magana ba. Ta hura wuta ta ɗora ruwa, ya huce, ta sake hurawa. Na karanta Yasin, na sake.

Ana kiran asuba waya ta yi ƙara. Namiji. Uwa lafiya.

Na yi sujada a kan ƙasa jiƙaƙƙiya. Amarya ta ɗaga murya za ta yi guɗa, ta tuna, ta rufe baki da hannu. Muka kalli juna muka yi dariya da hawaye.

Ba a karɓi kuɗin haihuwa ba. Tun 1 ga watan nan gwamnati ta rage kuɗin likita da rabi, haihuwa kuma kyauta. Jikka goma sha biyar na dattijon nan za su tafi itacen wankan jego.

Lahadi, 22 ga Satumba

Wankan jego safe da yamma, ruwan zafi da ganyen dogon yaro. Kunun kanwa. Yaya ce shugaba, ba mai ja da ita. Jaririn yana da kunnen Malam, kowa ya faɗa. Ni yatsun ƙafa na gani.

An ɗage komawa lakkwal daga 2 ga Oktoba zuwa 28, saboda ambaliya. Azuzuwa da yawa mutane ne a ciki, wasu sun rushe. Yara murna. Ƙanen Malam ma, ya samu hannuwan girbi.

Laraba, 25 ga Satumba

Direban ya dawo. Ya ba da saƙon ga wani mai kai ruwa da gari wajen masu haƙar zinariya. Wani kuma ya ce ya ga yaron a watan Yuli, lafiya lau, amma sun tashi daga ramin da suke sun ƙara gaba. Can babu layin waya sai Turaya, ita ma ta haya.

Tun 2014 da aka ga zinariyar Jado samarin unguwar nan ke tafiya. Wasu sun dawo da babur da kuɗin aure. Wasu da tari. Malam bai so tafiyar ba, bai hana ba. Ya raka shi tasha ya riƙe hannunsa ya daɗe.

Shekarar da aka kashe Shugaba Ba'are aka kai shi Dumega na haife shi, 1999. Ban taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari. Yanzu cikin dare nakan faɗa a hankali.

Juma'a, 27 ga Satumba

Suna. Ba kiɗa, ba maroƙa a cikin gida. An raɗa a ƙofar gida da sassafe, rago ɗaya daga Kore Mairuwa. Sunan Malam aka sa. Surukina ya aiko a tambaye ni ko na yarda. Yaya zan ƙi.

Matan suna ta cewa, "Ga angonki ya dawo." Na karɓe shi na ce Maigida. Haka zan kira shi. Ya yi mini fitsari a zane, aka ce ya yarda da ni.

Da dare gidan ya yi shiru, sai abin ya dawo sabo. Wanda ya fi kowa cancantar ya yi masa huɗuba a kunne.

Litinin, 30 ga Satumba

Ruwa ya ja baya. Iska ta fara juyawa. Rediyo: waɗanda ruwan bana ya ci a ƙasar nan sun haura 300, waɗanda ya shafa sun haura miliyan. Mu katanga ce kawai da kusurwar ɗaki. Ina ta maimaita wa kaina.

Alhamis, 3 ga Oktoba

An fara girbi. Gayya: ƙanen Malam, 'ya'yansa, samarin masallaci, har da waɗanda Malam ya koya wa alif. Mun dama fura ƙwarya huɗu, auta da 'yan Amarya suka kai. Sun dawo da ƙaiƙayi a wuya suna susa.

Na kwari ya lalace, zangarniya ba ido. Tsutsa ta taɓa gefen arewa. Sauran ya yi kyau.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Amalanke na shigowa da dammuna. Na tsaya bakin ƙofar ɗaki ina kallo. Tamanin da 'yan kai. Ƙanen Malam ya tambayi kowa, kowa ya yarda a fitar da ɗaya cikin goma kafin a taɓa komai, yadda Malam yake yi. Na ce a fara da gidan makauniyar nan ta bayan masallaci, da gidajen da ruwa ya rushe.

Na sa hannu cikin dami ɗaya. Wannan ƙwayar ta bi ta tafin hannunsa a watan Yuni, ya sa a rami ya take da diddige. Bai san ba zai ci ba. Ko ya sani ma zai shuka, na tabbata.

Ba a sa a rumbu ba tukuna. Dukiyar magada ce yanzu, in ji liman. Za a ci da sanin kowa, rabo sai babban yaro ya zo ko ya wakilta.

Talata, 8 ga Oktoba

Daga gamanata: wake kwando biyu, gujiya, yakuwa. Matar maƙwabci ta roro mini, ta ƙi karɓar ko tiya.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Waya tana wurin caji a bakin kasuwa, kuran ya ɗauke mana tun jiya. Da auta ya karɓo, kira biyu daga wata lamba doguwa, ba irin tamu ba. An kira, ba ta shiga. An sake. Ba ta shiga.

Ban ci tuwo ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ba ta shiga.

Litinin, 14 ga Oktoba

Tuwon sabon hatsi, miyar kuɓewa ɗanya. Maigida ya fara bin fitila da ido. Ɗiyata ta yi kyau, jego ya karɓe ta. Na zauna na koya mata yadda ake naɗe shi kada cibiya ta gogu. Uwata ta koya mini a Geceme a irin wannan wata. Rabin yini ban tuna da waya ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

An hana fitar da hatsi waje, sai Mali da Burkina. Ƙanen Malam ya ce 'yan kasuwar da ke kwasa su bi da shi ta iyakar Kabi za su ji a jikinsu, talaka zai samu sauƙin tiya. An kuma rage kuɗin siminti. Ya kawo maganar katanga: siminti ko ƙasa. Na ce ƙasa, a sa mata gindin dutse. Abin da muke iyawa.

Ya kuma ce lambun Tapkin Sau, in ruwa ya janye, wa zai sa dankalin turawa bana? Malam ne mai yi. Na ce a bari in yi tunani.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Dare, yara sun yi barci. Amarya daga kan tabarmarta: "Yaya, idonki biyu?"

Ta ce innarta ta zo da magana. In an fita takaba ta koma Lugu. Yarinya ce, ba ta kai talatin ba, ba za a bar ta haka ba. Yaran fa? Dangin uba ba za su bari a tafi da manyan ba. Tumunin da za a ba mu, ni da ita za mu raba. Ba zai riƙe ta da 'ya'ya uku ba.

Shekarar da aka kawo ta ban yi barcin kirki ba. Allah ya sani. Daren nan kuwa da ta yi maganar tafiya, cikina ya yi sanyi. Na ce, "Gidanki ne. In kin zauna muna tare, in kin tafi 'ya'yanki 'ya'yana ne, ba mai taɓa su." Ta ce ba ta sani ba. Na ce ba yau za a sani ba.

Ɗakinta an gyara tun makon jiya. Ba ta koma ba.

Laraba, 23 ga Oktoba

Sanyin asuba ya fara. Na ciro bargon Malam na rufa wa yara.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Matan ajina uku sun zo. Sun gama girbi, suna tambayar yaushe za a koma karatu. Ɗaya ta kawo takarda, ta rubuta mini ta'aziyya da hannunta, layi huɗu, harufa na hawa suna sauka. Bara ba ta iya riƙe alƙalami ba. Na ce su riƙa zuwa nan tsakar gida bayan la'asar, ba sai na fita ba. Za a fara Litinin.

La'asar ɗin ma ta samu abin yi.

Litinin, 28 ga Oktoba

An koma lakkwal. Auta da manyan Amarya biyu, wanka tun da duhu, takalmi ɗaya ya ɓata aka same shi ƙarƙashin rumbu. Wurin sa hannun uba a takarda, ƙanen Malam ya sa.

Mata biyar da la'asar. Harafin ɓ da ɗ. Maigida na cinyata yana barci.

Talata, 29 ga Oktoba

Bayan isha'i. Lambar nan doguwa.

"Inna? Inna, kina jina?" Muryarsa, can nesa, iska na kaɗawa. Lafiya lau yake. Sun samu ɗan abu, zai aiko. Yana sauri, kuɗin kira na tafiya. Ya tambayi ƙanwarsa, na ce ta sauka, namiji. Ya yi dariya. Sai ya ce, "Ba ni Baba."

Saƙon bai isa ba.

Na ce, "Ka yi haƙuri." Ya ce, "Me? Ban ji ba." Na ɗaga murya, abin da Yaya ta hana, na ce Allah ya yi wa Babanka rasuwa tun watan Yuli. Shiru. Iska. Na ce, "Kana jina?" Layin ya yanke.

Amarya ta karɓi wayar daga hannuna. Mun zauna har asuba. Bai sake kira ba.

Laraba, 30 ga Oktoba

An gwada da safe, an gwada da azahar. Ba ta shiga.

Ƙanen Malam ya ce in ya ji, ba zai tsaya neman waya ba, mota zai nema. Daga can zuwa Dirku, a jira ayari zuwa Agadas, sannan Tawa, Ƙonni, nan. Kwanaki ne masu yawa, kada in sa ido kafin mako biyu. In kuma bai ji ba zai sake kira. Zai je tasha gobe ya bar saƙo wurin direbobin Agadas.

Na sa an share ɗakin zaure, an fitar da buhunan wake, an shimfiɗa sabuwar tabarma. Na aika wa ƙanen Malam cewa kada a ba da lambun haya tukuna. Magini ya ce Asabar zai fara katanga, in tubalin ya bushe.